Ta Wace Jijiya Za a Saka Kemo, Maganin Ciwon Daji, Bayan Tiyatar Mama?

Me ya sa ba a yin amfani da kanula kamar yadda ake yi wajen ƙarin ruwa?

Ana yi, musamman idan zagayen maganin kaɗan ne kuma jijiyoyin suna da kyau. Matsalar ita ce wasu magungunan, irin su doksorubisin, jan ruwan nan da masu jinya suka sani, suna cinye nama idan suka zube a wajen jijiya, kuma bayan zagaye biyu ko uku jijiyar kan taurare kamar igiya har nas ta soka sau huɗu ba ta samu ba.

Hannun da ke gefen da aka yi tiyata fa?

Idan an cire kaluluwar hammata, likitoci kan kauce wa wannan hannun saboda gudun kumburi da shigar ƙwayoyin cuta. Ke nan hannu ɗaya ne ya rage, sai a tattala shi.

Wane zaɓi ne ke akwai?

Akwai PICC, siririyar roba da ake zurawa ta jijiyar damtse har zuwa babbar jijiya kusa da zuciya. Ba ta buƙatar tiyata, amma bakinta yana waje, dole a wanke ta a canza filasta duk mako, kuma ta fi zaɓi na biyu saurin haddasa gudajin jini. Sai kuma fot, ɗan ƙoƙo mai faɗin kwabo da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ƙirji a haɗa shi da babbar jijiya, galibi a ɓangaren da ba a yanka ba. Idan ya warke mace za ta yi wankanta da alwalarta ba fargaba, ana wanke cikinsa a asibiti kusan duk wata, sai dai yana da tsada kuma yana da allurarsa ta musamman.

Wanne ya fi dacewa a Sakkwato?

A ganina nisa ne ke yanke hukunci. Matar da ke tasowa daga Isa ko Argungu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai yi mata wuya ta zo duk mako, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, gumi ya ɗaga filasta tun ba a kai gida ba. Wadda za ta shekara tana karɓar tarastuzumab, wani maganin ciwon dajin mama, fot ya fi mata. Kafin a amince, a tambayi likita ko allurar tana samuwa, kuma wa zai riƙa wanke shi.

Yaushe ake komawa asibiti da gaggawa?

Idan zafin jiki ya kai digiri 38, ko aka ji rawar ɗari bayan an wanke PICC ko fot ɗin, ko hannu ko wuya ya kumbura, a tafi a ranar, ko da tsakar dare ne.