Waiwaye: yadda likitoci suka gano cewa zubar jini a ƙwaƙwalwa ba iri ɗaya ba ce

A shekarar 1658 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya wallafa abin da ya gani bayan ya binciki gawarwakin mutanen da suka yanke jiki suka faɗi, suka mutu. Ya tarar da jini ya taru a cikin kawunansu. Daga nan aka fara fahimtar cewa wata shanyewar ɓarin jikin, jijiyar jini ce ke fashewa a ƙwaƙwalwa. Amma me ke fasa ta? Wannan sai da aka shafe ƙarni uku ana laluben amsarsa.

A 1868, a birnin Faris, wasu likitoci biyu, Charcot da Bouchard, suka ce sun ga wasu ƙananan kumburi a jikin siraran jijiyoyin da ke ratsa can tsakiyar ƙwaƙwalwa. A lokacin babu na'urar awon hawan jini irin ta yau, balle a auna a ga ko shi ne sanadin. Sai a 1896 wani likita ɗan Italiya, Riva-Rocci, ya ƙirƙiro wadda ake ɗaurawa a damtse. Ko bayan samun ta, likitoci da yawa sun ɗauki hawan jini a matsayin abin da tsufa ke kawowa, wanda bai kamata a taɓa ba. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu ranar 12 ga Afrilun 1945 sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, bayan ya daɗe da hawan jini mai tsanani. Sai a 1967 wani gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya tabbatar da cewa sauke hawan jini da magani yana ceton rai. Abin takaici ne yadda aka yi wannan jinkiri.

Abin da ya sauya komai shi ne na'urar hoton CT, wadda aka fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971. Tun daga nan likita ke iya ganin inda jinin ya zuba alhali mutum na raye, kuma sannu a hankali ta bayyana cewa wurin da ya zuba yana nuna sanadin.

In jinin ya zuba can ciki, a cibiyoyin da ke kula da motsi da jin taɓi, ko a gindin ƙwaƙwalwa, ko a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, galibi hawan jini ne. Jijiyoyin wurin sirara ne, kuma kai tsaye suke reshe daga manyan jijiyoyi, don haka duk ƙarfin bugun jini a kansu yake sauka. Shekara da shekaru bangonsu na lalacewa, kamar tiyon da ruwa ya fi ƙarfinsa, har ranar da zai ɓalle. C. Miller Fisher, likita a Boston, shi ya zauna ya bi waɗannan jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya a madubin likita ya bayyana lalacewar.

In kuwa a sassan waje ne, kusa da ɓawon ƙwaƙwalwa, musamman ga tsoho, sau da yawa wani sinadari ne mai suna amiloyid ke taruwa a bangon jijiya ya sa ta yi rauni. Irin wannan na yawan maimaituwa, kuma masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin sun fi shiga haɗari. Ga matashi, akan duba ko an haife shi da jijiyoyi a cukurkuɗe. Akwai kuma jinin da ke malala a tsakanin rufin ƙwaƙwalwa, mai zuwa da ciwon kai na farat ɗaya wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba. Nan shan taba sigari, da hawan jini, da gado su ne kan gaba, kuma ya fi samun mata.

Mu a nan, irin na can ciki ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Binciken SIREN, da aka yi a asibitocin Ghana da Najeriya, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki zubar jini ce ta same su, alhali a Turai da Amurka kashi 10 zuwa 15 ne cikin ɗari. Hawan jini ne ya fito a sahun farko, da tazara mai yawa. Ga shi kuma na'urar CT ba ta wuce manyan asibitoci ba, kuɗin hoton ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa har yanzu ake kwantar da mutum a gida ana cewa iska ce ta buge shi, ko a ba shi asfirin ba a san ko toshewar jijiyar jini ce ko fashewarta ba. In fashewa ce, asfirin na iya ƙara zubar jinin.