Tantance wuraren da suka fi cancantar kariya a bakin hamadar iyakar Najeriya da Nijar

Tantance wuraren da za a fifita wajen kariya wani reshe ne na kimiyyar muhalli da ke ƙoƙarin amsa tambaya guda: tunda ba za a iya killace ko'ina ba, kuɗi babu yawa, ma'aikatan gandun daji ba su da yawa, kuma kusan kowane taku na ƙasar akwai mai noma ko mai kiwo a kai, to daga ina za a fara? A yankin bakin hamada da ya haɗa Najeriya da Nijar, iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500 tun daga Kebbi har Tafkin Chadi, tambayar ta fi wuya, domin abin da ake son karewa ba ya zama wuri ɗaya. Ruwa yana zuwa yana tafiya, tsuntsaye na ƙaura, barewa na bin inda aka yi yayyafi, makiyaya ma haka, kuma ba wanda ke tsayawa a buga masa hatimi a Jibiya ko Maigatari.

Yanayin yankin

Mutumin Kaduna da ya saba da ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara yakan ɗauka da zarar an wuce Kano komai rairayi ne, alhali ba haka ba ne, muhallin iri iri ne kuma kowanne da abin da yake riƙe da shi. Akwai gonakin gero masu gawo da kuka da aduwa, akwai dajin ƙaya mai bagaruwa da magarya, akwai fadamu da tafkuna na kogin Haɗeja da Komadugu Yobe, akwai tuddan rairayi na Yusufari da ƙasar Manga waɗanda a tsakaninsu za ka iske kwari mai danshi da dabino da goruba da kanwa, irin su Bulatura da Tulo-Tulowa, sai kuma can arewa cikin Nijar duwatsun Termit da na Ayar da sararin Tenere inda wata shekarar ma ko ɗigo ba a samu.

Yadda ake zaɓen

A da abin da ake yi shi ne a duba inda manyan namun daji suke, ko inda ba kowa ke son ƙasar ba, a zana layi a ce nan gandu ne. Yawancin gandayen zamanin Turawa haka aka same su. Daga shekarun 1980 masana suka fara sauya tunani, a 2000 kuma Chris Margules da Bob Pressey suka fitar da maƙalar da ta tsara aikin daki daki, har yau ita ake bi.

Ginshiƙin tsarin shi ne cike gurbi. Kamar wanda aka ba kuɗin cefane ƙayyadadde ne ya shiga kasuwar Bakin Dogo ta Kaduna, idan ya sayi tumatir a teburi uku don kawai tumatirin ya yi kyau, zai koma gida ba albasa ba gishiri. Wato ba wurin da ya fi yawan halittu ake nema kowane lokaci ba, ana neman wurin da zai ƙaro abin da sauran ba su da shi. Wannan batu a hamada yana da nauyi sosai, don in yawan nau'i ne ma'auni to fadama za ta cinye duka jerin, a bar tsakiyar rairayi ba komai, alhali can ne kaɗai gidan dabbar da ake kira adaks, wata irin barewa fara mai murɗaɗɗen ƙaho da ba ta cika buƙatar shan ruwa ba, danshin ciyawa ke riƙe ta.

A aikace ana yanka taswirar yankin gida gida, a zuba bayanai a kowane gida: wane tsuntsu aka gani, wace bishiya, wane irin muhalli ne bisa hoton tauraron ɗan adam, mutum nawa ke zaune, akwai titi ko rijiyar mai ko gonar rani. Sai a sa buri, misali a ce ana son kaso kaza na kowane irin muhalli ya shiga, sannan a ba kwamfuta ta nemo haɗin gidajen da zai cika burin da mafi ƙarancin tsada. Manhajojin da suka fi suna a wannan aiki su ne Marxan da aka ƙirƙira a Ostareliya da Zonation ta jami'ar Helsinki. Tsada a nan ba kuɗi kawai ake nufi ba, har da yawan mutanen da za a taɓa wa abinci. Abu biyu ake dubawa a ƙarshe, shin wurin yana da madadi ko babu, sannan barazanar da ke kansa ta kusa ko da saura. Wurin da ba shi da madadi kuma ana gab da rasa shi, shi ne na farko a layi.

Akwai kuma ma'aunai na duniya da ake jingina da su. Ma'aunin yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan kare dausayi ya ce dausayin da ke karɓar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani nau'i, ya cancanci shiga jerin duniya. Ƙungiyar BirdLife tana da nata jerin muhimman wuraren tsuntsaye, a 2016 kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar da ma'auni na bai ɗaya da ya haɗa tsirrai da dabbobi duka. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu da aka yi a Montreal a 2022 ƙasashe suka amince a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa kafin 2030, wanda shi ya sa maganar ina za a zaɓa ta sake tashi.

Wuraren da aka riga aka ware

A ɓangaren Najeriya babu kamar dausayin Haɗeja da Nguru a Jigawa da Yobe. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wurin Ramsar na farko a ƙasar, a 2000, daga baya a 2008 aka ƙara Dagona da Baturiya. Agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa da ke tsallako Sahara daga Turai lokacin sanyi nan suke samun ruwa na farko mai yawa, suna haɗuwa da na gida irin su kirinjijiya. Gandun ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991 shi ma misali ne mai kyau na tunanin cike gurbi, don ba dunƙule yake wuri ɗaya ba, yanki uku ne a warwatse, Chingurmi-Duguma a Borno, dausayin Bade-Nguru, da kwaruruwan Bulatura, kowanne da irin muhallinsa.

A Nijar filayen manya ne ƙwarai. Gandun Ayar da Tenere na 1988 ya haura murabba'in kilomita 77,000, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, shekara guda bayan nan ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda rikicin da ya ɓarke a arewa. Gandun Termit da Tin-Tumma an kafa shi a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000. Sai Gadabeji a jihar Maraɗi, tsohon gandu tun 1955, inda a 2018 aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure kusa da Yamai, don kada a ce duk sauran raƙuman dawan Afirka ta Yamma suna wuri ɗaya, cuta ko fari ɗaya ya share su. Waɗannan raƙuman a 1996 saura 49 suka rage, yanzu sun haura 600, kuma a cikin gonakin mutane suka farfaɗo ba a bayan waya ba.

Inda gizo ke saƙar

Termit darasi ne babba. A takarda an zaɓi wurin daidai, shi ne mafakar adaks ta ƙarshe a daji, amma binciken da aka yi a 2016 guda 3 kacal aka gani, bayan aikin haƙar mai na Agadem da farautar da ta biyo bayansa sun tarwatsa su, a 2019 kuma gwamnati ta zare wani babban yanki na gabashin gandun inda filayen man suke. Girman fili a taswira ba ya nufin komai idan ba mai sintiri.

Haɗeja-Nguru kuma matsalarta daga nesa take zuwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 duk a Kano suke, amma su suka canza yadda ambaliya ke sauka a fadamar, ruwan ya koma yana tafiya a hankali duk shekara maimakon ya cika ya janye, sai ciyawar kacala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka shiga uku. Kenan mai zana wurin kariya a Nguru dole ya sa baki kan yadda ake sakin ruwa ɗaruruwan kilomita a sama, in ba haka ba ya zana banza. Tafkin Chadi ma haka, daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya tsuke matuƙa saboda fari a shekarun 1970 da 1980, bakin ruwan yana matsawa gaba da baya, to layin da aka ja bana baɗi yana iya zama a kan tudu.

Wata matsalar ita ce ta bayanai. Kwamfuta abin da aka ba ta take taunawa, kuma masu ƙirga tsuntsaye sun fi zuwa inda mota ke shiga kuma ake kwana lafiya, saboda haka arewacin Borno da Diffa da dazukan Zamfara sukan fito a taswira kamar ba komai cikinsu, alhali zuwa ne ba a yi ba. A ganina duk taswirar da ba ta nuna inda ba a taka ba, a yi taka-tsantsan da ita.

Sai maganar burtali. Makiyayan da ke saukowa kudu da rani su koma arewa da damina sun san kowace rijiya da kowane tafki fiye da kowane mai bincike, kuma hanyoyin da suke bi sau da yawa su ne ragowar daji da ya haɗa wannan gandu da wancan. Idan aka killace tafki aka hana su, rigima ce, idan aka bar burtalin manoma suka cinye shi, an yanke hanyar dabbar gida da ta daji lokaci ɗaya. Abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980 na barin tohon gawo da sauran itatuwa su tashi a gona, wanda aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, ya nuna gona ma tana iya shiga lissafi.

Alaƙarsa da Kaduna

Kaduna ba ta cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, amma tana cikin lissafin ta wata fuska. Gandun Kamuku a Birnin Gwari, da ya zama na ƙasa a 1999, da dazukan Kagoro da Nindam a kudancin jihar duk suna cikin jerin muhimman wuraren tsuntsaye, kuma tsuntsaye irin su shamuwa da ke hawa arewa da damina ta nan suke ratsawa. Shanun da ke barin bakin hamada da rani ma da yawansu nan suke sauka. Kamuku dai shekaru ke nan rashin tsaro ya hana a yi cikakkiyar ƙirga a cikinsa, wato matsalar bayanan nan da aka ambata ba sai an je Diffa ba, tana nan a kan hanyar Birnin Gwari.