Ma'anar "wariyar launin fata": wa ke yanke cewa kai baƙi ne?

Ran nan a fadarmu ta unguwar Bukoki a Yamai, ana cikin shayi na biyu, wani ya ce Obama ai ba baƙi ba ne, ruwa biyu ne, tunda uwarsa Baturiya ce. Da idon Yamai, gaskiyarsa. A Amurka kuwa baƙi ne, ko gardama babu.

Wariyar launin fata ita ce a kasa mutane bisa kamanni ko tsatso, a fifita wasu, a danne wasu wajen aiki, aure, mazauni da shari'a. Sai dai kalmar tana da ruɗi, don takan sa a ɗauka fatar ce alƙali. Ina! Kowace ƙasa da inda ta kafa iyakarta.

Amurka jini ta bi: ɗigo ɗaya daga Afirka ya isa. Homer Plessy, wanda aka kama a 1892 don ya zauna a taragon Turawa a jihar Luwiziyana, kashi 7 cikin 8 na jininsa na Turawa ne, amma a 1896 Kotun Ƙoli ta ce raba taragon daidai ne. Barazil ido ta bi. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sai wannan ya rubuta kansa fari, wancan "pardo", wato wankan tarwaɗa, kuma a ƙidayar 2022 masu kiran kansu "pardo" ne suka fi yawa, kusan kashi 45 cikin 100. Afirka ta Kudu ta kai abin ga hauka bayan dokar 1950 da ta kasa mutane bisa launi: a soka wa mutum fensir a gashi, in ya maƙale, ba Bature ba ne. Faransa kuwa ƙidayarta ba ta tambayar launi, amma tambayi ɗan Nijar da ya taɓa neman hayar ɗaki a Paris.

Mu fa? Mukan yaba amarya da "fara tas", ga man bilicin cike da kasuwa. Amma a ganina gyambonmu na gaske asali ne. Saurayi ya je neman aure, sai dattawa su shiga bincike ƙasa-ƙasa: ɗan wane ne, maƙera ne, ko tsatson bayi? Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifi. A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ba Hadijatou Mani gaskiya tare da diyyar sefa miliyan 10. An sayar da ita a jihar Tawa tana da shekara 12, ba don launinta ba, don an ce uwarta baiwa ce.