Bill Freund, masanin tarihin leburori

Bill Freund masanin tarihi ne haifaffen Chicago ta Amurka a 1944, iyayensa Yahudawa ne da suka gudo daga Ostiriya zamanin Hitila. Ya yi digirin dakta a jami'ar Yale, sannan ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya a shekarun 1970, lokacin da sashen tarihin nan ke tashe da su Yusufu Bala Usman. Shi dai bai damu da jerin sarakuna da yaƙoƙinsu ba, abin da ya sa a gaba shi ne lebura, wa ya ɗauko shi daga ƙauye, nawa ake biyansa, me ya hana shi zama gida.

Aikinsa da aka fi sani a nan shi ne littafinsa na 1981 kan haƙar kuza a Jos, Capital and Labour in the Nigerian Tin Mines. A ciki ya nuna yadda kamfanonin Turawa suka mamaye filayen Filato tun farkon ƙarni na 20, har aka ja layin dogo daga Zariya ya isa Bukuru a 1914, da yadda harajin da ake biya da kuɗi yake tura manoma daga Kano da Bauchi da Zazzau su tafi ci-rani bakin ramin kuza su yi ta ɗaukar ƙasa a kwano a ka, in damina ta kama kuma su watse su koma gona, abin da kullum yake ba manajoji haushi don sun kasa riƙe su. To a 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wato yankin Malesiya ta yau, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa samar da kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta koma aikin tilas, aka riƙa ɗibar mutane ta hannun sarakuna da hakimai ana kai su Filato har zuwa 1944, ga sanyin Jos ga ƙarancin abinci ga cuta, da yawa ba su koma gida ba. Wannan ɓangaren kam shi ya fi nauyi a littafin, kuma wahalar masu irin wannan bincike ke nan, takardun da ke ajiye na jami'an mulkin mallaka da kamfani ne, su kuwa kawuna kawai suke ƙirgawa, sai mutum ya tono muryar leburan daga cikin lissafin albashi da rahoton waɗanda suka gudu.

Daga baya ya koma Durban ta Afirka ta Kudu ya zama farfesan tarihin tattalin arziki a jami'ar Natal, can ya rubuta kan ma'aikata Indiyawa, jikokin waɗanda aka fara kawowa a 1860 don aikin gonakin rake. Ya kuma rubuta littafin The African Worker a 1988. A Durban ɗin ya rasu a 2020.