Me ake nufi da "jinsi" a wasannin almara?

Duk wanda ya taɓa buɗe wasan kwamfuta na almara, irin masu takubba da tsafi da dodanni, ya san shafin nan da ke tare shi tun bai taka ko'ina ba: zaɓi jinsinka. Sabon shiga kan ɗan yi turus, don da an ce jinsi, namiji ko mace ne ke fara zuwa rai. To, ba shi ake nufi ba. Tambayar ita ce wace irin halitta kake so ka zama: ɗan Adam, ko elf mai tsinin kunnuwa, ko dwarf gajere kakkaura, ko wani mai ƙaho da wutsiya.

Kalmar Turancin da aka daɗe ana amfani da ita ita ce "race", kuma ta samu gindin zama ne ta hanyar Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Matsalar ita ce da kalmar dai ake maganar launin fata, ga kuma dokokin wasan a lokacin na cewa wannan jinsi da ƙarfi aka haife shi, wancan da basira. Abin ya riƙa sosa wa mutane rai. A 2019 wasan Pathfinder ya koma cewa "ancestry", wato tsatso. Kamfanin Wizards of the Coast, mai fitar da Dungeons & Dragons a yanzu, shi ma ya bi sahu, dokokinsa na 2024 suka ɗauki "species", nau'in halitta.

Zaɓin ba ado ba ne kawai. A wasan kwamfuta na Skyrim, wanda ya fito a 2011, akwai jinsi 10: Argonian mai siffar ƙadangare yana numfashi a ƙarƙashin ruwa, Khajiit mai siffar kyanwa yana gani a duhu.

Daga nan ne musu ke tashi: wa ya fi armashi, mutum ko wanda ba mutum ba? Masu son baƙin halittu cewa suke yi, ka wuni kana mutum, ka shiga wasa ma ka sake zama mutum? Duk da haka ɗan Adam na da kasuwa. A 2020 kamfanin Larian, masu wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, sun harhaɗa siffofin da 'yan wasa suka fi zaɓa, sai ga wani mutum gama-gari ya fito, har suka zolayi jama'a cewa an ba su ƙaho da wutsiya sun ƙi.

Ni dai a ganina ba siffa ce ke kawo armashin ba, sai in ta sauya yadda ake rayuwa. Dokokin Dungeons & Dragons na 2014 sun ce elf na iya kai shekara 750. In ka same shi da gaggawa da zafin kai kamar ɗan shekara 20, ai mutum ne aka liƙa wa kunnuwa. Haka a Skyrim: fataken Khajiit a bayan ganuwa suke kafa tantuna don ba a barin su shiga birni, amma kai da ka zaɓi Khajiit sai ka ratsa ƙofa abinka kamar kowa. Wannan giɓin ya fi komai ba ni haushi.

Shi kuwa ɗan Adam, rauninsa ne jarinsa. Ka ɗauka ayari ya shiga kogo: elf na gani a duhu, dwarf na gani, shi kaɗai ke lalube. Ya kunna tocila ya tona asirin kowa ga abin da ke kwance a ciki, ya bar ta a kashe ya riƙe kafaɗar dwarf yana bin sa kamar makaho da ɗan jagora. Kuma cikinsu duka, shi ne zai tsufa ya mutu abokan tafiyarsa ba su ko fara furfura ba.