Ƙarin ruwa ba maganin gajiya ba ne

Da wuya mako ya ƙare a ɗakin shan maganin da nake aiki a nan Zariya ba a sami wanda ya shigo ya ce, "Malama, jikin nan ba ƙarfi, a taimaka a ɗaura mini ruwa ko leda ɗaya ce" ba. Wani ma da ledarsa yake zuwa, ya sayo a kyamis. In na tambaya, ba zawo, ba amai, yana ci yana sha. Gajiyar gona ce ko ta kasuwa.

Me ke cikin ledar nan da muke ɗauka kamar tsimi? Wadda aka fi sani ruwa ne da gishiri, giram 9 a kowace lita. Ledar rabin lita ke nan tana ɗauke da giram 4.5, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5. Ba abinci a ciki, ba ta ƙara jini. Wanda kuke gani ya yi ɗorawa kuwa, sinadarin bitamin aka zuba, launin ne ke burge mutane.

Amfanin ruwan gishirin nan na gaskiya babba ne. A 1832, lokacin annobar kwalara, wani likita a Sikotilan mai suna Thomas Latta ya zuba ruwan gishiri da soda a jijiyar waɗanda suka galabaita, wasu suka farfaɗo. Har gobe shi ne abin da muke rugawa mu ɗauko idan amai da gudawa sun tsotse mutum har ba ya iya haɗiya, ko an yi asarar jini ana jiran na ƙari. Da shi ake sirka wasu allurai, a wanke ciwo, a ɗiga wa jariri a hanci in hunturu ya toshe shi. Amma ga mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ƙoda, ledar da aka ɗaura a ɗaki ba awo tana iya taruwa a huhu, numfashi ya gagara.

Yaron da ke zawo amma yana iya sha, ba allura yake bukata ba. Ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wato ORS, shi ne maganinsa: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, abin da ya kwana ya yini a zubar. A haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, kada kuma a janye nono. In ba ƙunshin a kusa, rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula 6 na sukari a lita ɗaya, a shafe bakin cokalin, ban da tozo. Na taɓa ɗanɗana wanda wata kaka ta haɗa wa jikanta, sai da na yamutsa fuska. Ta ce, "Ai 'yar nan, na ƙara ne don ya fi ƙarfi." Na ce, "Inna, in ya fi hawaye gishiri, cuta ne." Muka zubar muka sake.

Sai soda, wadda mata ke sa wa a cincin da kek. Ta asibiti a kwalba take, ana ba da ita ta jijiya idan jini ya yi tsami fiye da kima, kamar a ciwon ƙoda mai tsanani, kuma sai an gwada jini tukuna. A gida wasu na kaɗa ta su sha don ƙwannafi. Tana kwantar da shi na ɗan lokaci, ba musu, sai dai ita ma 'yar gidan gishiri ce, kuma mai yawan ƙwannafi gwaji yake bukata.

Wannan ya kawo mu kan kanwa, don sinadarin soda ne jigonta, ko ungurnu ce ko ja. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazari kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a ƙasar Zazzau. Sun danganta shi da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego kullum har kwana arba'in, ga wankan tafasasshen ruwa, ga kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Ban ce a bar kunu ba, ni ma na sha nawa. A rage kanwar ƙwarai, mai hawan jini kuma a cire mata ita gaba ɗaya.

Iyayenmu masu wankan jego, ku ne ido. In kun ga ƙafafun mai jego sun kumbura, tana haki ko daga ɗaki zuwa tsakar gida, tari ya hana ta kwanciya sai a jingine, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta, kada kuma a kira mai kyamis ya ɗaura ruwa. A tsayar da kunun, a nemi mota a kai ta asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko babban asibiti mafi kusa a ranar.