Ɗigar fitsari in an yi tari ko atishawa: motsa tsokar ƙasan mara na maganinta

Iyaye mata da 'yan uwa, akwai larurar da ke damun mata da yawa, kunya ce ta hana a faɗa. Da an yi tari, atishawa ko dariya, ko an ɗaga jarkar ruwa, sai fitsari ya ɗigo. Wata kowace sallah sai ta sauya zani, wata ma ta daina shiga taron biki. Ana cewa haihuwa da shekaru ne suka gaji haka, sai haƙuri. Ni dai ban yarda a haƙura da abin da ke da magani ba.

A ƙasan mara akwai tsokoki da ke tallafe da mafitsara, mahaifa da dubura, su ne ke tsuke ƙofar fitsari. Juna biyu, naƙuda, ƙiba, tari mai daɗewa, taurin bayan gida da ɗaukewar al'ada duk suna sassauta su. Amma tsoka ce, in ana motsa ta ƙarfinta na dawowa. Likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana wannan atisaye tun 1948.

Ki kwanta ko ki zauna, ki matse kamar mai riƙe tusa da fitsari a lokaci guda, ki ja sama. Ki ƙirga zuwa biyar, ki saki, ki huta daidai haka. Sannu a hankali ki kai ƙirgar goma. Aƙalla sau 8 a jere, sau 3 a rana. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinya ko ɗuwawu, nan ne yawanci ake kuskure. Kuma kada ki riƙa yi lokacin da kike fitsari, yana hana mafitsara juye fitsari sosai. In kin ji tari na zuwa, ki riga shi matsewa.

Sai an yi wata 3 ba fashi kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Ki je sashen gashin ƙashi na asibiti, likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashi, ta duba ko tsokar da ta dace kike matsewa. Kada ki rage shan ruwa. Shayi da kofi za ki rage.

Amma in fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, huji ne a mafitsara, atisaye ba ya toshe shi. Aiki ake yi, a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina ko ta Danja kusa da Maraɗi.